Tayar da ke Cinyewa ta Gefe Ɗaya: Sharhi kan Ƙafar Motocin Daji

Idan tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya tun ba a je ko'ina ba, mutum uku ake ɗora wa laifi a tashar Matameye: mai sayar da taya, mai faci, da gwamnatin da ta bar hanya ta lalace. Ba a rasa gaskiya a zargin. Akwai taya ƴar gwanjo da ta gama rayuwarta a Turai kafin ta sauka Kwatano, akwai kuma ramin da ko sabuwa dal ba ta tsira daga gare shi. Sai dai sau da yawa mai laifin yana nan ƙarƙashin motar, ba wanda ya duƙa ya dube shi. Ina nufin yadda taya ke tsayuwa a ƙasa, da yadda tsayuwar ke sauyawa duk lokacin da mota ta zauna ko ta ɗaga.

Tsaya daidai gaban mota ka dubi tayoyinta biyu. Da wuya ka same su a miƙe cak. Ko dai kan tayar ya ɗan sunkuya ciki wajen inji, ko ya ɗan buɗe waje. Wannan ita ce karkatar taya. Da digiri ake auna ta, kuma a yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu ba ta kai digiri ɗaya ba idan mota na tsaye babu kaya. Digiri ɗaya kamar ba komai ba, amma a tayar da faɗin tafinta ya kai santimita 25, gefe guda zai riga ɗayan taɓa ƙasa da kimanin milimita 4. Robar takan lanƙwasa ta cike giɓin, to amma nauyin ba ya rabuwa daidai. Gefen da aka danne shi ke ɗaukar zafi, shi ke fara ƙarewa. Ban da haka, taya takan so ta gangara wajen da ta karkata, saboda haka in ta dama da ta hagu suka saɓa, direba zai wuni yana kokawa da sitiyari.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wannan awo ba ya tsayawa wuri guda. Taya tana hawa tana sauka a kan sifirin, kuma a kowane matakin hawa da saukar tana da irin tata karkatar. Wanda ya zana motar ya zaɓi tsayin da yake sa ran za ta riƙa aiki a kansa, ya tsara komai a kewayen wannan tsayi. Mu kuwa kusan kullum a wani tsayi dabam muke aiki da ita.

Motar da ke cin abinci a ƙasar Kance tana iya taka hanya iri uku kafin azahar. Ga kwaltar da ta taso daga Takeita ta ratsa Matameye ta nufi Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka zuwa Daura. Ga burji mai gargada da ke sa haƙora kaɗawa. Ga kuma hanyoyin rairayi da ke gangarawa fadamu da lambunan korama wajen Dungu da maƙwabtanta, inda ake ɗauko rake da kayan lambu, hanyoyin da amalanke ya haƙa wa kwari biyu ya bar tudu a tsakiya. Kowace cikinsu abin da take nema daga ƙafar mota dabam ne, kuma babu ƙirar da ta gamsar da duka ukun.

Mafi tsufa a ƙira ita ce ta aksul guda, wato sandar ƙarfe ɗaya da ke riƙe da tayoyin biyu. Duk wanda ya san amalanken shanu ya san ta, domin yawancin amalankenmu ma da tsohon aksul ɗin mota aka haɗa su. Tayoyin a ɗaure suke da sandar, ba su da ikon karkata su kaɗai. A loda kaya har sifirin ya miƙe, gangar mota ce za ta sauko, tayoyin suna nan yadda suke. A sha kwana gangar ta kwanta gefe, tafin taya yana shimfiɗe a ƙasa. Wuri guda karkata ke shigowa: idan taya ɗaya ta hau tudu ɗayar na ƙasa. Tsakanin tayoyin kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, kimanin mita ɗaya da rabi ne, to in ta dama ta hau santimita 15, sandar za ta jirkice kusan digiri 6, tayoyin biyu kuma su bi ta tare. Da an sauka daga tudun komai ya koma daidai.

A kan wannan ƙira Toyota ta bar Land Cruiser samfurin 70 tun fitowarta a 1984. A 1999 an sauya sifirin gaba daga mai falle-falle zuwa mai naɗi, amma ba a taɓa aksul ɗin ba. Ita ce motar da aka fi gani da tambarin asibiti, da ta sojoji, da ta ƙungiyoyin agaji daga Damagaram har Bilma. Ko da kamfanin ya fito da samfurin 100 a 1998 mai ƙafar gaba a rabe, sai da ya ware samfurin 105 mai aksul guda domin kasuwanni irin na Afirka da Ostireliya. Tsofaffin manyan motocin Mercedes masu gajeren hanci da suka yi shekaru suna ratsa Tenere su ma haka suke. Irin waɗannan in ka ga tayarsu ta karkata suna tsaye a fili, kada ka nemi wurin saiti: ko aksul ya lanƙwashe, ko boris ya tafi, ko kusar da taya ke juyawa a kanta ta yi sako-sako.

Tana da wata fa'ida da direban ƙauye ya fi injiniya sani. Tazarar da ke tsakanin cikin aksul da ƙasa ba ta raguwa komai nauyin kaya, sai ɗan abin da taya ta lotsa. A hanya mai tudu a tsakiya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tana da nata haraji. Aksul ƙarfe ne mai nauyi da ke ƙasan sifirin, in ya shiga gargada da gudu sai ya riƙa tsalle, taya ta riƙa barin ƙasa. Abin da ya bugi ta dama sai ta hagu ta ji a jikinta. Idan robobin ƙafa suka tsufa, sitiyari kan kama karkarwa a wani gudu har sai an rage wuta. Waɗannan matsaloli ne suka sa tun a 1934 kamfanin General Motors na Amurka ya raba ƙafar gaba a motocinsa, a wasunsu kowace taya ta samu hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, tana hawa da sauka ba tare da ta ja ƴar'uwarta ba.

A nan ne maganar karkata ta zama lissafi. Da za a yi hannuwan biyu tsayi ɗaya, a jere, taya za ta riƙa hawa da sauka a miƙe dangane da gangar mota. Da jin haka sai a ce an huta. To amma gangar kanta tana kwanciya a kwana. In ta kwanta digiri 4, tayar waje, wadda nauyin duka ya koma kanta, ita ma za ta kwanta digiri 4 ta hau kafaɗarta, daidai lokacin da aka fi bukatar tafinta. Ga shi kuma duk hawa da sauka tafin zai riƙa gogar ƙasa ciki da waje. Maganin da aka samo shi ne a gajarta hannun sama. Gajeren hannu da'irarsa ƙarama ce, saboda haka idan taya ta hau, yakan jawo kanta ciki fiye da yadda dogon hannun ƙasa ke jawo gindinta. Sai kan tayar ya sunkuya ciki daidai lokacin da gangar ke tura shi waje, ɗaya ya rage ɗaya. Ke nan a irin wannan ƙafa sauyin karkata da gangan aka dasa shi. Tambayar kawai ita ce nawa, kuma a wane tsayi.

Hilux ta bi wannan hanya a hankali. Mai jan ƙafa huɗu ta farko, ta 1979, aksul guda gare ta a gaba, kuma an ci gaba da sayar da irinta a ƙasashe da dama har 1997. Daga nan ƙafar gaba ta rabu, da farko a kan sandar murɗa, sannan daga samfurin da ya fito wajen 2005 a kan sifirin mai naɗi. Baya kuwa har gobe aksul guda ne a kan sifirin mai falle. Wato Hilux ɗin yau rabi da rabi ce: gabanta na neman daɗin kwalta da gargada, bayanta na jiran kaya. Peugeot ma ta yi irin wannan rabo a a-kori-kurar 504, wadda ta cika hanyoyin Kano da Damagaram bayan buɗe masana'antar Kaduna a 1975.

Akwai ƙirar da ta kai sauyin karkata maƙura, wadda kowace taya ke liƙe da rabin aksul da ke lilo daga tsakiyar mota. Idan tsawon rabin santimita 70 ne, hawan santimita 15 kawai zai karkatar da taya digiri 12, ninki biyu na abin da aksul guda ke yi. A ƙananan motoci wannan ya jawo ɓarna, domin a kwana tayar baya kan naɗe ƙarƙashin mota ta cilla ta. Littafin Ralph Nader na 1965 a kan haɗarin motoci da Chevrolet Corvair mai irin wannan ƙafar ya fara, sojojin Amurka kuma sai da suka sake ƙafar bayan jif ɗinsu M151 saboda yawan kifewa. Duk da haka kamfanin Tatra na ƙasar Cek bai rabu da ƙirar ba a manyan motocinsa, waɗanda a tsofaffinsu in babu kaya za ka ga kawunan tayoyinsu a buɗe waje, sai an loda su miƙe. Da irin wannan mota Karel Loprais ya ci gasar Dakar sau shida tsakanin 1988 da 2001, gasar da a shekarun 1980 take bi ta Agadas da Tenere. Ford ma ta yi shekaru tun 1965 tana saka dogayen sanduna biyu masu lilo a gaban a-kori-kurarta, kuma masu tseren hamadar Baja ta Meziko sun ƙaunace su duk da karkatar da suke yi.

Me ya sa abin da ke kifar da mota a kwalta ya ci gasa a hamada? Saboda ƙasa mai laushi tana yafewa. A rairayi an rage iska, gefen taya ya yi taushi, tafin ya shimfiɗu, yashin kansa yana bin siffar tayar. Digiri biyu ko uku ba su hana ta riƙo. Abin da ke da daraja a can shi ne taya ta samu doguwar tafiya ta hawa da sauka, kada ta bar ƙasa. Motocin tseren hamada na yau tayarsu ta gaba tana tafiyar da ta kai santimita 60, shi ya sa ake musu dogayen hannuwa, a faɗaɗa su, don kada karkatar ta wuce gona da iri. Sai dai mai tsere in ya gama tserensa jefar da tayoyin yake yi. Mai ɗaukar rake kuwa daga fadama kwalta zai hau, kuma kwalta ba ta san yafiya ba. Rairayi ba shi ke cin taya ba. Kwaltar da aka hau bayan an fito daga rairayin, da kaya a baya da ƙafa a karkace, ita ke ci.

Yanzu ga abin da muke yi wa motocin da hannunmu. Na farko lodi. An ƙera Hilux ta ɗauki kimanin tan ɗaya, har da direba da fasinja. Ka dubi wadda ta fito daga lambu da rake: an buɗe ƙofar baya, damman sun zarce bodi suna reto, an ɗaure su da igiya, yaran mota biyu na zaune a sama, fitilun gaba na kallon rassan itace. Tsakanin tayar gaba da ta baya kimanin mita uku ne. Kilo 500 da ya zauna mita ɗaya a bayan aksul ɗin baya zai ɗauke wa gaba kusan kilo 170, ya ɗora wa baya kusan 670. Gaban ya ɗaga ke nan, hannuwan sun rataya ƙasa, tayoyin sun bar tsayin da aka saita su a kai sun koma wani wuri a cikin da'irarsu. Sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu. Maigida yana ganin bayan motar ne ke wahala, sai ya sa a ƙara falle biyu ko uku a sifirin. Bayan ya daina zama, amma nauyin bai je ko'ina ba, yana nan a kan aksul da boris, kuma ƙarin fallen ya ba da ƙarfin gwiwar ƙara kaya. Ranar da aksul ɗin ya lanƙwashe, tayoyin baya za su sunkuya ciki har abada, su riƙa cinyewa ta ciki.

Na biyu ɗaga mota. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, zirga-zirga da yawa ta koma hanyoyin daji, kowa kuma ya so cikin motarsa ya yi nisa da ƙasa. A tsohuwar Hilux sai a ƙara murɗa sandar gaba, a sabuwa a cusa ƙarfe ko roba a saman sifirin. Motar takan ɗaga, ba musu. Amma ba a ƙara wa taya tafiya ko ta yatsa ɗaya ba, an dai matsar da ita kusa da ƙarshen saukarta. In tana da santimita 10 na sauka aka ɗaga mota 5, saura 5. Da ta faɗa rami sai hannun sama ya kai iyaka da ƙara, boljoyin ya sha bugu a karkace, shaf ɗin da ke juya tayar gaba ya riƙa aiki a lanƙwashe har robarsa ta yage, yashi ya shiga. Galibi kan taya yakan buɗe waje, sitiyari kuma ya rage komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Mai aksul guda in aka ɗaga ta karkatar taya ba ta sauyawa, ko da yake ita ma sitiyarinta kan yi yawo in an wuce kima.

Sannan akwai abokin tafiyar karkata wanda ya fi ta ɓarna, wato kaucewar bakin taya. Tayarod, sandar da ke haɗa taya da sitiyari, ma hannu ne mai tasa da'irar. Duk abin da ya sauya tsayin mota yana iya sa bakin tayoyin ya tsuke ko ya buɗe. Tayar da bakinta ya kauce digiri ɗaya daga inda mota ta dosa ana jan ta a kaikaice mita 17 a kowace kilomita. Ko rubu'in digiri ne, mita 4 ke nan. A lissafa zuwa Damagaram da dawowa. Karkata ce ke zaɓar gefen da zai ci wuya, kaucewar baki kuma ita ke kankare shi.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya bukatar kwamfuta kafin ya gane yawancin wannan. Zai shafa tafin hannunsa a kan tayar daga ciki zuwa waje. In gefe guda ya lafe sumul, karkata ce. In ya ji ƙananan haƙora suna kama hannu ta fuska ɗaya suna sulɓewa ta ɗayar, baki ne ya kauce. Zai sa jak ya ɗaga, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. Motsi a nan boljoyin ne ko boris, kuma saita ƙafar da ke motsi zubar da kuɗi ne. Sannan a sauke mota a daɓe mai daidai, a ɗaura noti a zare a saki a gefen taya, a auna tazarar zaren da bakin wili sama da ƙasa. A wili mai inci 16, bambancin milimita 7 kimanin digiri ɗaya ne. Sabbin Hilux suna da kusoshin saiti a gindin hannun ƙasa, in tsatsa ba ta kama su ba.

Wurin da ake yawan samun saɓani shi ne nan:

"Alhaji, da kaya take yawan tafiya ko wayam?"

"Kai dai saita min ita, Malam, sauri nake."

"Ranka ya daɗe, in na saita ta wayam, gobe ka ɗora mata buhu goma sha biyar, aikina ya tashi a banza, kuma ni za ka zaga."

Bakaniken ne da gaskiya. Motar da kwana shida cikin bakwai tana ɗauke da kaya, a duba ƙafarta da kwatankwacin kayan a kanta. Wannan ba ya halatta lodin da ya wuce ƙa'ida, gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Maganar ba ta kuɗin taya kaɗai ba ce. Mutanen yankin Kance suna cikin masu yawan hawa motocin hamada. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga ƙasar Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Allah ya jiƙansu. Ba ina ɗora wannan musiba a kan ƙafar mota ba ne. Ina tunatarwa ne cewa a inda babu gareji babu rijiya, kowace kusa rai ce. Fallen sifirin da ya karye ana iya ɗaure shi da itace da igiya a lallaɓa a kai gari. Boljoyin da ya fita daga gurbinsa kuwa taya ce ke naɗewa ƙarƙashin mota, tafiya ta ƙare a nan. Kuma ba ya fita rana ɗaya, sai ya yi watanni yana sanarwa ta bakin tayar da ke cinyewa ta gefe.

A ganina, wanda aikinsa kaya ne da hanyar ƙauye, mai aksul guda ta fi masa, ya haƙura da jijjigarta da tsadarta. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce da burji, yana ɗaukar mutane da kaya daidai misali, mai ƙafa a rabe ta fi daɗin tuƙi, ta fi kama hanya a gargada, muddin aka bar ta kusa da tsayin da aka ƙera ta. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sayi ta biyun a sa ta aikin ta farkon, a ɗaga gabanta, a ƙara wa bayanta falle, sannan a koma ana faɗa da mai taya.

Saboda haka, mai mota, kafin ka biya kuɗin wata sabuwar taya, sa a cire tsohuwar ka shafa ta da hannunka, ka ga gefen da ta ci. Ka matsar da kaya mafi nauyi gaba kusa da kan mota. In kuma an taɓa maka sifirin ko sandar murɗa, kada ka bar gareji sai an sake auna ƙafar gaba.